Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Sufurin Jiragen Sama: a tuna da tsakar gida kafin a raba sama

Zuwa ga Mai Girma Ministan Sufurin Jiragen Sama, Mista Festus Keyamo, tare da shugabannin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, da NAMA, hukumar kula da sararin samaniya, da Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Harkokin Tsaro, Abuja.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni mai ɗaukar hoto ne a garin Jos. Da bidiyon biki da suna na fara, daga baya na sayi ɗan ƙaramin jirgi marar matuƙi, wanda mu a bakin sana'a muke ce wa duron, yanzu kuma rabin abincina daga auna gonaki da filaye yake fitowa. Tunda hukumomin da ke ƙarƙashinka ne ke tsara yadda za a riƙa kasuwanci da waɗannan jirage, da yadda za a raba sararin nan na ƙasa-ƙasa da suke shawagi a ciki, na ce bari in faɗi tawa tun ice yana ɗanye. Da gangan na rubuta da Hausa. Mutanen da jiragen nan za su riƙa bi ta kan rufinsu a nan Filato, Birom ne ko Angas ko Tarok ko Bafulatani ko Bahaushe, da ita suke ciniki, da ita suke faɗa, da ita suke sulhu. Na kuma san ba za a rasa mai fassara a ofishinka ba.

Zan fara da abin kunyar da ya same ni. Wata Asabar, a wani biki a cikin tsohon gari, na ɗaga jirgin don in ɗauko jerin motocin kai amarya daga sama. Layin matsattse ne, sai na ɗan karkata shi gefe. Ina duba allon da ke hannuna sai ga tsakar gidan maƙwabta fes: tabarma a shimfiɗe, tukunya a kan murhu, ga wata baiwar Allah ta fito daga makewayi da ɗaurin ƙirji. Na sauke jirgin jikina na rawa, na goge abin da ya ɗauka tun kafin in koma cikin 'yan biki. Har yau ita ba ta sani ba, mijinta bai sani ba. Abin da ya hana hoton nan yawo a WhatsApp kunya ce kawai da tsoron Allah. Da wani yaro marar ta-ido ne ke riƙe da allon, da yanzu wani zancen ake yi.

Gidan Bahaushe, Yallaɓai, an gina shi ne bisa cewa baƙon ido ta ƙofa yake shigowa. Shi ya sa ake yin zaure, a yi shigifa, a ja katanga mai tsawo, a rubuta "ba a shiga" a bakin ƙofa. Sama kuwa a buɗe aka bar ta, don ba wanda ya taɓa zaton za a leƙo daga can in ba shirwa ba. A tsakar gida mata ke daka, a nan ake kitso, a nan ake shayar da jariri, a nan ake shan iska ba lulluɓi. Makewayi da yawa ba su da rufi. Kuma ba gidan Musulmi kaɗai ba ne haka. Gidajen ƙauyukan Filato masu shingen ƙerana ma samansu a buɗe yake. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare sirrin mutum da na gidansa, a 2023 kuma an sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a. Amma magidancin da ya ɗaga kai ya ga abu yana ƙugi a saman igiyar shanyar matarsa, wa zai kira? Da sunan wa zai kai ƙara, alhali mai jirgin yana iya kasancewa a bayan layi uku, zaune a cikin mota?

Rundunar Sojin Sama ta ƙasar nan ta taɓa ƙera jirage marasa matuƙa guda biyu da ta raɗa wa sunan Hausa. Na 2013 ta kira shi Gulma, na biyun kuma, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Kaduna a watan Fabrairun 2018, Tsaigumi. Wanda ya zaɓi sunayen nan ya san Hausa, ya kuma san aikin na'urar. Gulma a hannun soja a kan maboyar 'yan ta'adda alheri ce. Gulma a hannun kowa da kowa a saman Gangare da Anguwan Rogo da Tudun Wada, wannan kuma fitina ce da ya kamata tsarinku ya yi mata linzami tun yanzu.

Kada a ɗauka ina roƙon a hana. An gwada taƙaitawa mai tsanani, mun ga inda ta kai mu. A watan Mayun 2016 NCAA ta sanar cewa ba wanda zai ɗaga jirgi marar matuƙi sai da izininta da na Ofishin Mai Ba da Shawara Kan Tsaro, shigo da shi ƙasar ma sai da takardar shaidar wanda zai yi amfani da shi daga wancan ofishin. A ƙa'idojin wancan lokacin, mai neman izinin kasuwanci sai ya zama kamfani mai jarin naira miliyan 20, ya kuma biya naira 500,000 ta duba takardu. Babban kamfanin mai ko na gine-gine bai ji komai ba. Yaron da ya tara kuɗin jirginsa daga ɗaukar hoton kamu da walima kuwa, jin adadin kawai ya sa ya juya. Bai fasa tashi ba, sai dai ya koma tashi a ɓoye. Yau ka je kowane babban biki a Jos, daga Rayfield har Bauchi Road, za ka ji ƙugin nan a sama, ka tambayi takarda a yi maka murmushi. Na san an samu ci gaba: akwai sabuwar dokar sufurin jiragen sama ta 2022, ƙa'idojin 2023 kuma sun ware wa waɗannan jirage babi nasu. Sai dai tsakanin abin da ke rubuce a Abuja da abin da ake yi a bakin titi akwai tafiya mai nisa, ta fi gangaren Hawan Kibo.

Ni kaina an taɓa tsare ni a wani shingen hanya ina dawowa daga auna wata gona. Masu kakin da ke wurin suka buɗe jaka suka ga jirgi, fuskokinsu suka canja. Ban ga laifinsu ba ƙwarai. Ba su da wata hanyar gane ko ni mai auna gona ne ko ɗan leƙen asirin masu kai hari, ni ma ba ni da katin da zan nuna wanda za su iya tantancewa nan take. Rana ta faɗi muna wurin. Abin da ya fitar da ni shi ne mai gonar da ya zo da dagacinsa suka tsaya mini. Inda tsari bai fito fili ba, mai gaskiya ya sha wahala, jami'i ya shiga ruɗu, mai neman na goro kuma ya samu ƙofa.

Tsoron da hukumomin tsaro ke ji ba na banza ba ne, ban raina shi ba. 'Yan ta'addan yankin Tafkin Chadi sun yi amfani da irin jiragen da ake saye a kanti wajen leƙen sansanonin soja, har da kai hari. A Ingila, a watan Disambar 2018, rahotannin ganin duron kusa da titin saukar jirage sun sa an rufe filin jirgin Gatwick, tashi da sauka kusan 1,000 suka lalace ana daf da Kirsimeti. Mu ma muna da filin jirgin Yakubu Gowon a Haifan, muna da barikin Rukuba, muna da jirage masu saukar ungulu da ke bi ƙasa-ƙasa idan an samu tashin hankali. Amma ɗan ta'adda ba ya cike fom. Duk wahalar da aka ɗora a kan neman izini, a kan mai niyyar bin doka kaɗai take sauka. Abin da zai taimaki jami'in tsaro shi ne a sauƙaƙa rajista har kowane mai gaskiya ya shiga littafi, ta yadda duk jirgin da ba ya ciki zai fito fili kamar baƙin akuya a garken fararen tumaki.

Sauƙaƙawar kuwa tana farawa ne daga yarda cewa jiragen nan ba ɗaya ba ne. Akwai wanda bai kai giram 250 ba, ya shige aljihun babbar riga. Akwai na feshin gona irin DJI Agras T40 da ke ɗaukar lita 40 ta magani. Akwai mai fukafukai da ke tafiyar kilomita da dama inda idon mai sarrafa shi ba ya kaiwa. Ƙasashen Turai sun kasa su gida uku gwargwadon haɗarin aikin, ba gwargwadon girman kamfani ba, su da Amurka kuma sun tsayar da ƙananan a ƙasa da mita 120, wato ƙafa 400, don kada su haɗu da jiragen da ke ɗauke da mutane. Amurka ta ƙara da wajabta wa jiragen su riƙa watsa lambar shaidarsu da inda suke ta iska yayin da suke tashi. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi ba ni sha'awa. Keke Napep ma da lamba a jikinsa. Idan magidanci ko ɗan sanda zai iya ɗaga waya ya ga lambar abin da ke saman gidansa, ya kai ta ofishin da zai gano mai shi, rabin matsalar tsakar gida ta warware. Sauran rabin kuma sai a rubuta shi ɓaro-ɓaro cikin sharuɗɗan lasisi: ba a tsayar da kyamara a kan gidan mutane ba da izininsu ba, wanda ya yi ya rasa lasisinsa ya kuma fuskanci kotu.

Sai kuma abin da mutumin Abuja zai iya mantawa, mu ba za mu manta ba. Jos gari ne da jita-jita ke da ƙafa. Tun rikicin 2001 unguwanni suka rabu, kowa ya san layin da ba ya tsallakawa da dare. A irin wannan gari, jirgin da ba a san mai shi ba ya tsaya a saman masallaci ranar Juma'a ko a saman coci ranar Lahadi, kafin a sauke shi labari ya kai Bukuru cewa ana ɗaukar taswirar kai hari. A ƙauyukan Bokkos da Mangu da Barkin Ladi, inda aka sha binne mutane, abin ya fi haka. Ga kuma tabon Tudun Biri: ranar 3 ga Disambar 2023 jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a ƙaramar hukumar Igabi ta Jihar Kaduna, mutum aƙalla 85 suka rasu. Na san wancan jirgin yaƙi ne, ba ya ƙarƙashin ma'aikatarka, girmansa da aikinsa duk daban. Tsohuwar da ke tsinkar yakuwa a bayan gari ba ta da wannan bambancin. Ta ji ƙugi a sama, gabanta ya faɗi. Saboda haka duk hanyar da za a shata wa jiragen kasuwanci, sai an fara sallama da masu ƙasa: dagaci, mai unguwa, liman, fasto, arɗo. A gaya musu launin jirgin, da lokacin wucewarsa, da abin da ya ɗauko, a kuma sanar a rediyo da Hausa da sauran harsunan jiha. Ni ko gona zan auna sai na fara zuwa ƙofar dagaci, na ɗaga jirgin a gabansa yara sun kalla sun gaji, sannan in fara aiki. Minti 20 ne, amma sun fi kowace takarda amfani.

Me ya sa nake wannan dogon zance maimakon in ce a tattara jiragen a kulle? Domin na ga abin da za su iya. Ƙasar Sin ta sa tattalin arzikin sararin ƙasa-ƙasa cikin rahoton aikin gwamnatinta na watan Maris 2024, a birnin Shenzhen har abinci ake kai wa mutane ta sama. Mu ba shayi muke buƙatar a sauke mana ba. A kudancin Filato, wajen Langtang da Shendam da Wase, kububuwa ke saran manoma, musamman lokacin kaka. Dafinta hana jini daskarewa yake yi, mutum ya yi ta zubar jini ta dasashi da ta ciki, ba a banza ake mata kirari da gobe-da-nisa ba. Cibiyar da ta yi suna wajen maganin saran tana Zamko, sai a ɗora marar lafiya a kan babur a yi ta gwagwarmaya da ramuka har a kai. Kwalaben maganin nan ba su da nauyi. Kamfanin Zipline ya fara kai jini ta sama a Ruwanda a 2016, ya shiga Gana a 2019, a 2022 kuma ya buɗe tasha a Pambegua ta Jihar Kaduna, maƙwabciyarmu. Jirginsa na ɗaukar kaya da bai kai kilo 2 ba, yana gudun kusan kilomita 100 a awa, ya saki kunshin da 'yar lema a harabar asibiti ya juya. Ba na cewa jirgi zai maye gurbin ma'aikacin jinya. In ba wanda ya iya yin allurar, ko maganin ma babu shi a rumbu, jirgi banza ne. Amma inda akwai su, shi ne zai cinye nisan. Haka Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom, wadda take nan tun 1924 tana haɗa rigakafin shanu da kaji. Rigakafi sanyi yake so, rana ta doke shi a hanya ya zama ruwa. Daga Vom zuwa rugagen da mota ba ta shiga da damina, ta sama ce hanya mafi gajarta.

Akwai kuma kududdufan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa, wasu ana noman rani da su, wasu suna cin yara. Akwai gidajen da ke bakin rafi, waɗanda ambaliyar 2012 ta nuna mana a Rikkos da Gangare. Taswirar waɗannan duka aikin 'yan kwanaki ne ga jirgi mai kyamara.

Feshin gona ne nake so a yi wa tunani mai zurfi, don a nan alheri da sharri suke kwana ɗaki ɗaya. Manomin dankalin Turawa a Bokkos ya san cutar da ke ƙone ganye idan damina ta yi nauyi da sanyi, cikin kwanaki gona ta yi baƙi. Feshi a kan lokaci ne maganinta, jirgi kuma zai gama cikin mintuna abin da yaro mai tankin goyo zai wuni yana yi yana shaƙar guba. To amma gonakinmu ƙanana ne, a manne da juna, ga iskar Filato ba ta da alƙibla. Maganin kashe ciyawa da aka saki daga sama zai iya sauka a kan kabejin maƙwabci, ko a amyar mai zuma, ko a kududdufin da shanu ke sha. A jihar da saniya ɗaya ko kunya ɗaya ta masara ke iya tayar da gari, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Lasisin mai feshi ya kamata ya bambanta da na mai hoto, a haɗa da NAFDAC da ma'aikatar gona, a faɗi irin maganin da aka yarda a fesa ta sama, da ƙarfin iskar da in ta kai a dakata, da wanda zai biya in an yi ɓarna. Inshora ta zama dole ga irin waɗannan, da duk mai bi ta kan gari da kaya.

Na san harkar jiragen sama tana cikin jerin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Amma jirgi dole ya sauka, ƙasa kuma tun dokar 1978 a hannun gwamna take. Tashar sauka, wurin cajin batir, turakun sadarwa da wayoyin lantarki da za a kauce wa, duk sai da jiha da hukumar raya birnin Jos. A haɗa kai da su a fitar da taswira ɗaya da kowa zai buɗe a wayarsa ya ga inda aka hana, da inda sai da izini, da inda aka sake. A buɗe tebur ɗaya a Haifan na rajista da karɓar ƙorafi. Jarrabawar ƙaramin lasisi a yi ta a nan, a Jami'ar Jos ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Barkin Ladi, ƙarƙashin kulawar kwalejin horon ma'aikatan jiragen sama ta Zariya wadda ke wannan aiki tun 1964, a kuma yarda mutum ya amsa da Hausa. Sanin kada ka tashi kusa da filin jirgi ba ya buƙatar Turanci.

In kuma ana neman wurin gwaji, ga Filato. Jos tana sama da mita 1,200 daga doron teku, iskarta ta fi ta Legas sirantaka da kusan kashi 1 cikin 10, don haka farfela ta fi wahala, batir ya fi saurin ƙarewa, sanyin Disamba kuma ya ƙara cinye shi. Ga hazo da rani, ga ƙanƙara da damina, ga duwatsun Shere da ke tare siginar rimot. Ni na koyi wannan ne da kuɗina, ran da lissafin da ke jikin kwali ya ce saura minti 8 jirgin ya ce shi ya gaji. Duk ƙa'idar da ta yi aiki a nan za ta yi a ko'ina a ƙasar.

Mu mutanen Jos mun ga yadda aka yi da acaɓa. Aka bar ta ta yaɗu shekara da shekaru ba rajistar kirki ba horo, har ta zama abincin dubban gidaje, sannan da haɗurra da matsalar tsaro suka yi yawa aka hana ta a Jos da Bukuru a zamanin gwamnatin Jonah Jang, masu gaskiya da marasa gaskiya suka tafi tare. Ina hango wa sana'ata irin wannan ranar: a wayi gari wani ya yi ta'asa da duron, a fitar da sanarwa da yamma, kowa ya ajiye nasa, har da mai kai maganin maciji.

Roƙona, Ranka ya daɗe, a turo masu rubuta tsarin nan su zauna da mu a Jos kafin damina mai zuwa ta sauka. A kira masu hoto da safiyo-safiyo, da manoman dankali, da makiyaya, da ma'aikatan lafiya na Zamko, da masu unguwanni, a kuma ware zama da mata su kaɗai, don su ne ke tsakar gidan. Ni zan zo da jirgina a jaka. In an ba ni dama zan ɗaga shi mita 30 a saman gidana, bayan na sa iyalina sun shiga ɗaki, in miƙa wa babban baƙo allon ya ƙirga mini cokulan da ke cikin kwandon wanke-wanke.

Na gode, a huta lafiya.

Naka,
Wani mai ɗaukar hoto da auna gonaki,
Dilimi, Jos.